Gurɓacewar Launin Bidiyo a Kwamfuta: Asarar da Masu Sana'a a Jos Za Su Iya Kauce wa

JOS: Daga cikin matsalolin da ke ci wa masu sana'ar bidiyo tuwo a ƙwarya a birnin Jos, da wuya a sami wadda ke jawo kashe kuɗi ba gaira ba dalili kamar gurɓacewar launi a yayin da ake kunna hoto mai motsi a kwamfuta. Sai a ɗauki hoton biki ko tallar kaya lafiya lau, amma da zarar an buɗe shi a gaban mai aiki, fuskoki su koma kore ko ruwan hoda, baƙi ya koma ruwan toka, farar shadda kuwa ta yi rawaya-rawaya kamar wadda ta sha hayaƙi.

Matsalar ba ta tsaya kan masu shirya fina-finai kaɗai ba. Ta shafi masu ɗaukar hoton bukukuwa, da masu gidajen kallon ƙwallo, da masu ba da hayar majigi a ɗakunan taro, da masu sayar da kwamfutoci na hannu a kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello, har da 'yan kasuwar da ke tallar atamfa da leshi ta hanyar bidiyo, waɗanda launi shi ne jarinsu. Matar da ta ga zane shuɗi a hoto, ta aika da kuɗi, aka kawo mata shunayya, ba za ta sake waiwayar wannan shago ba. Haka kuma ɗaurin aure ba a maimaita shi domin mai ɗaukar hoto ya gyara kuskure.

Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan lokuta hoton kansa lafiyarsa ƙalau. Laifin yana wani wuri ne a kan hanyar da hoton ke bi kafin ya iso ido. Ɗan kasuwar da ya iya gano wannan wuri kafin ya buɗe aljihu, shi ne ke tsira da kuɗinsa da kuma amanar abokin cinikinsa.

Birnin da ya riga kowa ganin launi

Jos ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A tsakiyar shekarun 1970, gidan talabijin na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, shi ne ya fara watsa shirye-shirye masu launi a Nijeriya, tun kafin gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda. A 1980 aka buɗe kwalejin horar da ma'aikatan talabijin ta NTA a unguwar Rayfield. A nan Jos ne kuma hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da cibiyarta ta koyar da aikin fim da aka buɗe a 1995. Daɗin daɗawa, a ranar 30 ga Afrilu, 2016, a Jos aka ƙaddamar da gwajin farko na sauya watsa shirye-shiryen talabijin zuwa tsarin dijital a ƙasar.

Tsofaffin 'yan kasuwar kaset ma sun san makamanciyar wannan matsala tun a shekarun 1980 da 1990. Nijeriya ta bi tsarin launi na PAL, mai layuka 625 da hotuna 25 a cikin daƙiƙa guda, yayin da Amurka da Japan suka bi tsarin NTSC, mai layuka 525 da hotuna kusan 30. Wanda ya sayo kaset daga Amurka ya sa a na'urar da ba ta san tsarin ba, sai ya ga hoton baƙi da fari, ko yana tsalle-tsalle. Kaset ɗin bai lalace ba, na'urar ce ba ta jin harshensa. Kaset ya wuce, faifan CD ma ya ja baya, amma wannan saɓanin harshe tsakanin hoto da na'ura yana nan, ya sake kama ne kawai.

Yadda launi ke isowa allo

Allon kwamfuta da launuka uku rak yake aiki, wato ja, da kore, da shuɗi. Duk wani launi da ido ke gani haɗin waɗannan uku ne. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane ɗaya daga cikinsu yana da matakan haske 256, daga 0 zuwa 255, waɗanda idan aka haɗa su suke ba da launuka fiye da miliyan 16.

To amma fayil ɗin bidiyo ba ta wannan hanya yake adana hoto ba. Yana raba haske daban, launi daban, al'adar da aka gada daga zamanin da ake son akwatin talabijin mai baƙi da fari ya iya kama shirin da aka watsa da launi. Bayan haka kuma ana matse hoton domin ya rage nauyi. Saboda haka duk lokacin da aka kunna bidiyo, tilas kwamfuta ta warware shi, ta kuma fassara shi zuwa ja da kore da shuɗi, galibi sau 24 ko fiye a kowace daƙiƙa. Kuskure kaɗan a wannan fassara ya isa ya sauya launin fatar mutum.

Zango huɗu hoton ke bi: fayil ɗin kansa; manhajar da ke kunna shi; katin hoto na kwamfutar tare da manhajar da ke tuƙa shi, wadda masu gyara ke kira direba; sannan waya da allo ko majigi. Kowane zango yana da irin alamarsa.

Gwaje-gwaje huɗu da ba sa cin ko sisi

Kafin a kira mai gyara, akwai gwaje-gwaje huɗu da kowane mai shago zai iya yi da kansa a cikin 'yan mintoci.

Na farko, a kwafe bidiyon a kunna shi a wata na'ura, ko wayar salula ko wata kwamfuta. Idan ya fito daidai a can, to fayil ɗin ya kuɓuta daga zargi.

Na biyu, a kunna wani bidiyo da aka tabbatar da lafiyarsa a kwamfutar da ake tuhuma. Idan shi ma ya gurɓace, laifin yana wajen na'urar.

Na uku, a duba ko dukkan allon ne ya sauya launi, har da rubutu da hotuna marasa motsi, ko kuwa cikin tagar bidiyon ne kawai. Idan tagar bidiyo ce kaɗai, a tuhumi manhajar kunnawa ko direba. Idan allon ne baki ɗaya, a tuhumi waya, ko allon, ko wani saiti da aka taɓa.

Na huɗu, a sa kwamfutar ta ɗauki hoton abin da ke kan allonta, a aika da shi zuwa wayar salula. Idan hoton ya fito da launi mai kyau a wayar alhali a kwamfutar ana ganinsa gurɓatacce, wannan alama ce mai ƙarfi cewa kwamfutar ta yi aikinta, waya ko allo ne suka ɓata shi a ƙarshe.

Idan laifin na waya ne ko allo

Wannan shi ne zangon da ya fi arha wajen gyara, kuma shi aka fi mantawa da shi. Har yanzu akwai majigai da alluna masu yawa da ke amfani da tsohuwar wayar nan ta VGA mai shuɗin kai da haƙora 15. A cikinta kowane launi yana da haƙorinsa: na ɗaya ja, na biyu kore, na uku shuɗi. Idan haƙorin kore ya lanƙwashe ko ya karye, hoto ya koma ruwan hoda mai duhu. Idan na shuɗi ne, komai ya yi rawaya. Idan na ja ne, hoton ya koma shuɗi mai ratsin kore. Sau da yawa ɗaure kusoshin nan biyu na gefen wayar, ko canza ta da wata, shi ke nan.

Wayar HDMI ba ta yin irin wannan, domin lambobi take ɗauka. Lalacewarta takan bayyana ne da ɗige-ɗige masu ƙyalli ko ɗaukewar hoto baki ɗaya. Sai dai idan kwamfuta da akwatin talabijin suka saɓa a kan tsarin launin da za su yi magana da shi, allon kan rine da ruwan hoda ko kore. A kashe duka biyu, a cire wayar a mayar, a kunna talabijin kafin kwamfuta. Idan bai yi ba, a sauya tsarin launi a saitin katin hoto.

A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, akwai siririyar waya da ta ratsa ta mahaɗin murfi zuwa allo. Idan launi yana sauyawa a duk lokacin da aka motsa murfin, wannan waya ce ta gaji, ba allon ba, kuma farashinta bai kusanci na sabon allo ba. Majigin da ya tsufa shi ma yakan rinjayi zuwa rawaya ko ya dusashe, saboda zafi da tsufan fitila.

Akwai kuma saitin da ake taɓawa ba da niyya ba. Tun 2017 Windows ke ɗauke da wani tsari mai suna Night Light, wanda ke rage shuɗin haske domin sauƙaƙa wa ido da dare, yana kuma mayar da allo ruwan ɗorawa. Haka nan akwai matatar launi da aka tanada domin masu matsalar gani, wadda kan iya mayar da komai baƙi da fari. A tabbatar duka biyu suna kashe a duk kwamfutar da ake aikin hoto da ita.

Idan laifin na manhaja ne ko direba

Idan tagar bidiyo kaɗai ce ta koma kore, ko ta cika da murabba'ai masu launi, galibi matsalar tana wajen warware matsin hoton. Akwai hanyoyin matsi daban-daban. H.264 da aka fito da shi a 2003 kusan kowace na'ura ta san shi. H.265 na 2013, wanda sababbin kyamarori da wayoyi ke amfani da shi, ya fi ƙarfin tsofaffin katunan hoto da yawa, musamman na kwamfutocin hannu da suka cika kasuwa.

Manhajojin kunna bidiyo da na shiga intanet kan miƙa aikin warwarewar ga katin hoto domin a yi sauri. Idan katin ko direbansa ba su iya ba, launi ya wargaje. Mataki na farko shi ne a gwada wata manhaja, kamar VLC wadda ake samu kyauta kuma take zuwa da kayan warwarewarta. Na biyu, a shiga saitin manhajar a kashe wannan tsari na miƙa aiki ga katin hoto. Kwamfutar za ta ɗan ƙara wahala, amma idan launi ya dawo an gano mai laifi. Na uku, a sabunta direba daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, ko Intel, ko AMD, ko Nvidia. Idan kuwa matsalar ta fara ne jim kaɗan bayan wani sabuntawa, Windows na ba da damar komawa ga tsohon direba. Ya kamata a guji tara tarkacen manhajojin warware bidiyo da ba a san asalinsu ba, domin sukan yi karo da juna.

Wata matsalar da ta fi wuyar ganewa ita ce ta ma'aunin haske. Bidiyo da talabijin sun saba ɗaukar lamba 16 a matsayin baƙi, 235 a matsayin fari, yayin da kwamfuta ke amfani da 0 zuwa 255. Idan aka aika da hoto a ma'aunin talabijin, allo ya karanta shi a ma'aunin kwamfuta, baƙi ya zama ruwan toka, hoton ya yi kamar an ɗauke shi cikin hazo. Idan aka yi akasin haka, duhu ya haɗiye duk abin da ke cikin inuwa, farar riga kuma ta rasa aikin da ke jikinta. Ga mai ɗaukar hoton baƙar fata sanye da fararen kaya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Maganinsa shi ne a daidaita kwamfuta da allo a kan ma'auni guda, ko cikakke ko taƙaitacce, a saitin katin hoto da na talabijin.

Idan laifin na fayil ne

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin launi daban-daban bisa zamani: ƙa'ida mai lamba 601 a 1982 domin talabijin na da, mai lamba 709 a 1990 domin hoto mai kaifi, sai mai lamba 2020 a 2012 domin wanda ya fi shi. Kowane fayil ya kamata ya ɗauki alamar da ke nuna ƙa'idar da aka bi. Idan babu alamar, manhaja kan yi hasashe, galibi bisa girman hoton. Wannan ne ya sa masu mayar da tsofaffin fina-finan kaset da na CD zuwa sabon tsari kan ga ja da kore sun ɗan kauce, fatar 'yan wasa ta sauya, bayan an ƙara wa hoton girma.

Sabon tushen rikici kuwa shi ne tsarin HDR, mai faɗin haske da matakai 1,024 ga kowane launi. Tun daga 2020, wayoyin iPhone 12 da na bayansu ke ɗaukar bidiyo a wannan tsari ba tare da an umarce su ba, kuma wayoyin Android masu tsada da yawa suna da shi. A kan wayar hoton yana ɗaukar ido. Amma idan aka kai shi tsohuwar kwamfuta, ko aka cakuɗa shi da na kyamarar da ba ta da tsarin, sai ya fito fayau, ko hasken ya ƙone. Wani nau'in fayil na Dolby Vision ma kan fito shunayya da kore a na'urar da ba ta san shi ba. Hanya mafi sauƙi ga mai ɗaukar biki ita ce ya kashe HDR a wayar kafin aiki. Idan an riga an ɗauka, a juya hoton zuwa ƙa'idar 709 a manhajar tacewa kafin a haɗa shi da sauran.

Haka kuma WhatsApp da makamantansa suna sake matse duk bidiyon da aka aika ta hanyar da aka saba, abin da ke sa launuka su yi dabbare-dabbare, musamman ja. Aika shi a matsayin takarda yana kai shi yadda yake.

Ƙura da wutar lantarki

Sanyin Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, alheri ne ga na'urori, amma bai hana ƙurar hunturu shiga cikinsu ba. Idan ƙura ta toshe fankar kwamfuta, katin hoto ya ɗauki zafi, sai ɗige-ɗige da layuka masu launi su fara bayyana. Alamar wannan ita ce hoto ya fara lafiya, ya lalace bayan an jima ana aiki, ya kuma gyaru idan na'urar ta huce. Busa ƙura sau ɗaya ko biyu a kowane hunturu ya fi sayen sabon kati arha nesa ba kusa ba. A wuraren da ake aiki da janareta kuwa, rashin kyakkyawar wayar ƙasa kan haddasa layuka masu yawo a hoton da ya bi ta VGA, musamman idan kwamfuta da majigi ba wuri guda suke shan wuta ba.

Asarar da ta fi kowace girma

Mafi munin asara ba ta sayen kayan gyara ba ce. Ita ce ta mai tace hoto da ya zauna gaban allo mai ciwo, ya ga fuskoki sun yi rawaya, ya ƙara musu shuɗi har suka yi masa daidai, sannan ya fitar da aikin. A allonsa komai ya yi kyau, a gidan mai aiki kuwa amarya ta fito shuɗiya. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa: an ɗauki ciwon allo an dasa shi cikin fayil mai lafiya. Idan kuma an riga an goge asalin hoton domin samun wuri a rumbun kwamfuta, babu sauran dabara.

Gidajen talabijin sun daɗe da rigakafin wannan. Sandunan launin nan da ake gani kafin a buɗe tasha, fari da rawaya da kore da ja da shuɗi da sauransu a jere, ma'auni ne da injiniyoyi ke daidaita na'urori da shi. Manyan manhajojin tace bidiyo suna ɗauke da su, tare da ma'aunai da ke nuna ainihin haske da launin da ke cikin hoto da lambobi, ba tare da dogaro da ido ko allo ba.

Akwai kuma lokacin da launi ke lalacewa a jikin hoton da gaske. Tsohon fim na leda, rinin da ke jikinsa yana kodewa da shekaru da zafi, har ya rinjayi zuwa ja. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai da aka gano asalinsa a rumbun Hukumar Fina-finai, aka gyara shi tare da haɗin gwiwar wata cibiya ta Jamus, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Abin da ya sa gyaran ya yiwu shi ne asalin yana nan. Darasin bai bambanta ba ga mai ƙaramin shago a Bukuru ko titin Bauchi.

Abin da ya kamata ya zama al'ada

Mai ɗaukar hoto ya ajiye asalin kowane aiki a wuri biyu, ba tare da taɓa shi ba, har sai mai aiki ya karɓa ya gamsu. Ya kuma tambayi abokin cinikinsa tun farko a kan wace na'ura zai kalli aikin, ya gwada shi a wayar salula da akwatin talabijin kafin ya miƙa. In ba an nemi wani abu na daban ba, fayil mai matsin H.264 da ƙa'idar launi ta 709 shi ne wanda ya fi samun karɓuwa a wajen na'urori.

Mai sayen kwamfuta ta hannu ya tafi kasuwa da hotuna biyar a ma'ajiyarsa ta filasha, fari zalla, baƙi, ja, kore da shuɗi, tare da gajeren bidiyon da ya san launinsa. Ya buɗe su a cike da allo, ya motsa murfin, ya bar na'urar ta yi aiki na ɗan lokaci kafin ya biya. Mai sayarwa da ya yarda da wannan gwaji shi ma ya huta da rigimar dawo da kaya.

Mai hayar majigi ko gidan kallo kuwa, kada ya fita ba tare da waya ta biyu a jakarsa ba. Ga kowa da kowa, tsarin kashe kuɗi guda ne: a fara da saiti, wanda ba ya cin komai, sannan waya, sannan direba da manhaja, sannan busa ƙura. Sabon allo ko sabon katin hoto su ne na ƙarshe, bayan gwaje-gwajen nan huɗu sun nuna su da yatsa.